Rogon bitamin A: me ya sa yake da ruwa, kuma da gaske ne duk 'yan gida ɗaya ne?

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamin gona ne, ina aiki da ƙungiyoyin manoma a yankin Lafiya ta jihar Nasarawa. Mun raba musu karan rogon nan mai ruwan ɗorawa da ake kira rogon bitamin A. A gona ya yi kyau, amma mata masu suyar garin kwaki suna kukan ruwa ya yi masa yawa, ba ya auki kamar fari. Sannan na ji a wani taro ana cewa nau'o'insa duk 'yan gida ɗaya ne, wai jininsu ba shi da faɗi. Mece ce ma'anar wannan, yana da alaƙa da ruwan da ake kuka da shi, kuma me masu inganta iri suke yi a kai?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Allah ya saka da alheri, don ka taɓo daidai inda ke yi wa masu aikin inganta rogo ƙaiƙayi. In na fahimce ka, kana son sanin me ake nufi idan an ce jinin wani rukunin iri ya ƙuntata, ko ƙuncin ne ya jawo ruwan da matan ke kuka da shi, da kuma ko akwai mafita. Tun kafin mu yi nisa, matan nan ba sharri suka yi wa rogon ba. Abin da suke gani a kaskon suya shi muke gani a kan sikeli. Wanda ya yi maganar a taro ma bai yi ƙarya ba. Sai dai alaƙar da ke tsakanin maganganun biyu tana da 'yar sarƙaƙiya, sai mun bi ta a hankali.

Yadda jinin ya ƙuntata

Faɗin jini ba yawan sunaye ba ne. Abin da muke dubawa shi ne yawan ƙwayoyin gado mabambanta da ke cikin iyayen da ake haɗa aure tsakaninsu don a samu sabon iri. Kana iya samun nau'i ashirin masu suna daban-daban, amma in ka bi salsalarsu ka tarar kakanni huɗu ko biyar ne suka haife su duka. Mai inganta iri ba ya ƙirƙirar hali daga babu. Zaɓa yake yi daga abin da iyaye suka zo da shi, don haka halin da babu shi a cikin iyaye ba zai fito a 'ya'ya ba komai daɗewar da aka yi ana zaɓe.

Rogo ba ɗan Afirka ba ne. Asalinsa kudancin dajin Amazon, a Burazil ta yau, inda mutanen wurin suka mayar da wani ɗan'uwansa na daji amfanin gona shekaru dubbai da suka wuce. Turawan Fotugal ne suka tsallako da shi gaɓar yammacin Afirka da bakin kogin Kwango a ƙarni na 16, gabashin Afirka kuwa sai a ƙarni na 18 ya isa ta wata hanya daban. Abin da jiragen ruwa suka ɗauko 'yan nau'o'i ne ƙalilan daga cikin dubban da ke can. Daga nan aka fara tankaɗe. Ƙari a kan haka, kara muke shukawa, ba ƙwaya ba, kuma karan da aka yanko daga uwa ita ce sak, babu abin da ya ƙaru ko ya ragu a gadonsa. Gona mai kadada goma ta farin rogon nan mai lamba TME 419, a lissafin gado, tsiro ɗaya ne aka yayyanka aka baza. Nijeriya ta fi kowace ƙasa noman rogo, wajen tan miliyan 60 a shekara, amma yawan tan ba ya nuna yawan jini.

Tankaɗe na biyu cuta ce ta yi shi. Cutar mozayik, wadda farin ƙuda ke yaɗawa, mai sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya nannaɗe ya ƙanƙance, ta addabi rogon Afirka tun farkon ƙarni na 20. A shekarun 1930, a tashar bincike ta Amani da ke Tanganyika, Tanzaniya ta yanzu, aka aurar da rogo da wani ɗan'uwansa na daji mai suna Manihot glaziovii, itacen da aka shigo da shi don ƙaron roba, domin a samo juriyar cutar. Daga zuriyar wannan aure aka zaɓo wani iri a Nijeriya mai lamba 58308, shi kuma ya zama uba ga TMS 30572 da sauran nau'o'in da cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan ta fitar daga shekarun 1970. Daga baya aka gano wata juriyar mai ƙarfi a cikin irin gargajiya na yammacin Afirka irin su TME 3, wadda ƙwayar gado ɗaya ce ke ɗauke da ita, ana kiranta CMD2. To ka ga duk irin da za a ba manomi dole ya jure mozayik, masu juriyar kuma daga waɗannan gidaje biyu suka fito. Shi ya sa akasarin ingantaccen rogonmu dangin juna ne tun kafin a zo maganar launi.

Launin ne tankaɗe na uku. Rogo mai ruwan ɗorawa sosai ba shi da yawa a Afirka, gidansa shi ne Amazon, inda ake nomansa tun da can. Da shirin HarvestPlus ya soma a 2003 da nufin ƙara sinadaran gina jiki a cikin abincin talaka ta hanyar iri, sai IITA da cibiyar binciken amfanin gona masu saiwa ta Umudike a jihar Abiya suka fara da 'yan masu launin da ke hannunsu. A Disambar 2011 aka amince da ukun farko, UMUCASS 36, 37 da 38, wato TMS 01/1368, 01/1412 da 01/1371, masu karotin (sinadarin da ke ba saiwa launin ɗorawa) maikurogiram 6 zuwa 8 a kowane giram na ɗanyar saiwa. A 2014 aka ƙaro UMUCASS 44, 45 da 46, waɗanda suka kai wajen 10. A cikinsu har da TMS 07/0593 da aka raɗa wa suna Sunshine daga baya. Inda ake son kaiwa shi ne 15. Farin rogo kuwa bai cika wuce 1 ba. Ka lura da lambobin, 01 na nufin shekarar 2001 aka fara da tsiron, sai 2011 ya isa hannun manomi. Shekara goma ke nan, kuma wannan jinkirin yana da hannu a duk abin da zan faɗa a gaba.

Tun da manoma za su tambaye ka, waɗannan nau'o'in ba a dasa musu ƙwayar gado daga wata halitta ba. Da hannu aka ɗebi garin furen namiji aka shafa wa furen mace, aka shuka 'ya'yan, aka zaɓa.

Launi abu ne mai arha

Abin da yakan ba ɗalibaina mamaki shi ne, a duk halayen rogo launin ne mafi sauƙin samu. Rogo yana da zaren gado 36, wato tagwaye 18, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. A kan zare na 1 akwai wata ƙwayar gado mai suna PSY2, ita ke buɗe ƙofar farko ta ƙera karotin a cikin saiwa. A 2010 aka nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a cikinta yana sa ta ƙara himma, sai saiwa ta tashi daga fari zuwa ruwan ɗorawa. Akwai wasu ƙananan ƙwayoyin da ke ƙara ko rage zurfin launin, amma ita ce babba. Yawancin karotin ɗin kuma beta-karotin ne, wanda jiki ke juyawa ya zama bitamin A. Halin ba ya canzawa sosai daga wuri zuwa wuri. Irin da ya yi launi a Ibadan zai yi a Mokwa, zai yi a Zariya.

Tarkon yana nan. Tsiron da ya gaji sauyin daga uwa da uba duka ya fi wanda ya gada ta ɓangare ɗaya zurfin launi. Idan ka aurar da mai kwafi ɗaya da fari, rabin 'ya'yan ne za su ɗauko, kuma launinsu ba zai yi zurfi ba. Idan ka aurar da masu kwafi ɗaya su biyu, kashi ɗaya cikin huɗu za su fito da kwafi biyu. Saboda haka duk mai gaggawar kaiwa 15 zai ga hanya mafi kusa ita ce ya riƙa aurar da mai launi da mai launi. Masu launin kuwa 'yan ƙalilan ne, kuma dangi. Sai a wayi gari ana ta auren zumunci zuriya bayan zuriya.

Rogo ba ya son auren zumunci ko kaɗan. Da yake an shafe ƙarnoni ana yaɗa shi ta kara, ya tara gurɓatattun ƙwayoyin gado masu yawa waɗanda ba sa nuna kansu saboda kowace tana da lafiyayyar tagwaiya da ke rufa mata asiri. Da zarar an haɗa 'yan'uwa na kusa, gurɓatacciya ta gamu da gurɓatacciya, sai ka ga tsiro siriri, saiwa 'yar kaɗan, kara ba ya tsira da kyau. Na sha tsayawa a filin 'ya'yan farko ranar tono, a yanka saiwa a ga launi kamar gwaiduwar ƙwai, ma'aikata suna ta murna, amma in aka ɗora kan sikeli sai jiki ya yi sanyi. A nan ne mai zaɓe yake bukatar ya kama kansa, kada ya yi wa rogo kallon kitse.

Daga ina ruwan ya fito

Abin da matanka ke kira auki mu muna auna shi da abin da ya saura bayan an busar da saiwa ƙayau, wanda akasarinsa sitaci ne. Farin rogo mai kyau irin TME 419 yakan ba da kashi 35 zuwa 40 cikin ɗari. Masu launi na farko sukan tsaya kusa da 30, wani lokacin ƙasa da haka. Ka yi lissafin da kanka. Kilo 100 na mai kashi 38 yana ɗauke da kilo 38 na abin da zai zama gari, na mai kashi 30 kuwa kilo 30. Kuɗin mota ɗaya ne, ladan feraya ɗaya ne, itacen suya ma sai dai ya ƙaru. Mace mai sana'a ba ta bukatar kowa ya karanta mata wannan.

Bincike a kan ɗaruruwan nau'o'in IITA, wanda aka wallafa a 2017, ya nuna cewa wurin da ke juya launi da wani babban wurin da ke juya yawan gari duk a unguwa ɗaya suke a kan zare na 1, kuma a rogon Afirka idan launi ya hau gari yakan sauka. Masana suna da bayani biyu a kan dalili. Na farko maƙwabtaka ce. Wato ƙwayar launi ba ruwanta, sai dai a jinin da muka fara da shi ta zo manne da maƙwabtan da ke rage sitaci, kuma abin da ke kusa da juna a kan zare tare ake gadonsa. A wannan zaren ne kuma wani dogon yanki na gadon glaziovii ɗin nan na Amani yake zaune a cikin ingantattun nau'o'i da dama. An nuna yana ƙara gari, an kuma nuna ba ya yarda ya kakkarye ya cuɗanya da na rogo cikin sauƙi, abin da ke ƙara wahalar raba mai kyau da marar kyau a wurin. Bayani na biyu shi ne ƙera karotin ɗin kansa yana cin wani abu daga rabon sitaci. Masu wannan ra'ayi suna kafa hujja da gwajin da aka yi a cibiyar Danforth ta Amurka, wanda aka wallafa a 2018, inda aka tilasta wa rogo ƙera karotin mai yawa ta hanyar dashen ƙwayar gado, sai garinsa ya faɗi warwas, sukari da mai suka ƙaru.

Bambancin bayanan biyu ba na cacar baki ba ne kawai. In maƙwabtaka ce, ana iya raba su ta hanyar yawaita aure da sabon jini har a dace da ɗan da ya ɗauko launi ya bar maƙwabcin. In kuwa tsadar ƙera karotin ce, sai dai a rage asarar da wasu ƙwayoyin ƙarin gari daga sauran zaruruwa. Ni a ganina duka biyun suna aiki, amma na fi ba maƙwabtaka nauyi a matakin launin da muke nema, kuma dalilina yana Kolombiya. Cibiyar binciken noma ta CIAT da ke Palmira kusa da birnin Kali tana riƙe da nau'in rogo sama da 6,000 a rumbunta. Da suka yi zaɓe mai sauri a cikin jinin Latin Amurka, sun ɗaga karotin daga wajen 10 zuwa sama da 20 ba tare da gari ya bi ya faɗi kamar yadda yake yi a nan ba. Shuka ɗaya ce, ƙwayar launi ɗaya ce, abin da ya bambanta shi ne faɗin jinin da aka fara da shi. To a nan amsar tambayarka ta biyu take: e, ƙuncin jini yana da hannu a ruwan, ko da ba shi kaɗai ba ne.

Akwai kuma abin da ba na gado ba. Idan rogo ya kwana rani a ƙasa, ruwan farko ya sauka, yakan jawo sitacin saiwa ya yi sabon ganye da shi, sai gari ya ragu. Wannan yana samun fari da mai launi duka, amma wanda dama yake a bakin gaɓa shi ya fi jin jiki.

Yadda ake gane dangantaka

Da can da ido muke yi: siffar ganye, launin hannun ganye, launin ɓawo, yadda kara ke rassa. Yana da amfani har gobe, amma ƙasa da yanayi suna canza kamanni. Yanzu ɗan guntun ganye ake ɗauka a karanta dubban alamomi a cikin gadonsa, a ga wa ya haɗa kaka da wa. Da aka yi wannan a gonakin manoma a Gana, aka wallafa a 2015, an tarar da iri ɗaya yana yawo da sunaye da yawa, suna ɗaya kuma yana kan nau'o'i mabambanta. Irin wannan binciken a Nijeriya ya nuna manoma da dama suna noma ingantaccen iri suna zaton na gargajiya ne, wasu kuma akasin haka. Saboda haka in manomi ya ce maka yana da "mai bitamin" kala uku, kada ka rubuta uku sai ka tabbatar.

Wani abu da ke rikitar da masu karanta irin waɗannan rahotanni shi ne, sukan ga an rubuta cewa an samu bambanci mai yawa a tsakanin 'ya'yan masu launi, sai su ce to ina ƙuncin? Kowane rogo a cikinsa gauraye yake, abin da ya gada daga uwa ya sha bamban da na uba, don haka ko iyaye biyu kacal ka haɗa 'ya'yansu ba za su yi kama da juna ba. Wannan bambancin ya isa a yi zaɓe zagaye biyu ko uku a ga ci gaba. Tambayar ita ce bayan nan fa? Idan aka zana taswirar dangantaka, masu launin sukan taru a 'yan rukunoni da ke bin iyayen da aka fi yawan amfani da su, kuma amfanin taswirar shi ne a zaɓi miji daga wannan rukuni, mata daga wancan mai nisa.

Haɗarin bai tsaya ga gari ba. A shekarun 1990 wani mugun nau'in mozayik ya ratsa Yuganda, ya tarar da manoma sun dogara da iri ɗaya mai suna Ebwanateraka wanda ba ya jurewa, ya share gonaki. Yanzu kuma akwai cutar da ke ruɓar da cikin saiwa ta bar zane ruwan ƙasa a kara, wadda ta daɗe a gaɓar gabashin Afirka, ta ɓulla a Yuganda a 2004, tana matsowa yamma ta Kwango. Ba ta iso yammacin Afirka ba, amma juriya mafi ƙarfi da aka samu a kanta daga nau'o'in Kudancin Amurka na rumbun CIAT ta fito. Rukunin da ya rufe ƙofarsa ga sabon jini ba zai samu irin wannan kariya ba.

Hanyoyin faɗaɗawa, da tsadar kowace

Hanya mafi kusa ita ce a aurar da mai launi da fitattun farare masu gari. 'Ya'yan farko launinsu zai koma baya, sai an sake zagaye kafin a dawo da shi, kuma kowane zagaye shekaru ne. Mai ba da kuɗin bincike da ke jiran a ce an kai 15 ba ya son jin wannan, amma ita ce hanyar da na fi yarda da ita.

Ta biyu ita ce shigo da jinin Latin Amurka. Matsalarta babu mozayik a can, don haka rogonsu bai taɓa koyon jure ta ba, in ka dasa shi a Ibadan kafin wata uku ganyen ya nannaɗe. Ba a kuma ɗauko kara a jaka a shigo da shi, don can ma suna da nasu cututtukan da ba mu da su. Sai dai ƙwaya ko ɗan tsiro a cikin kwalba, ta hannun hukumar killace tsirrai. Dabarar da ta yi aiki ita ce a kai CMD2 can, a yi auren a Kolombiya, a tantance 'ya'yan da alamar gado, a turo masu ɗauke da juriyar kaɗai. Ta haka aka samu CR 36-5, farin rogon da ake kira Ayaya yanzu. Abin da ya yiwu ga fari zai yiwu ga mai launi.

Duk hanyar da aka bi, fure ne ke tsayar da aiki. Rogo yana fure ne a inda kara ya rabu, manomi kuwa ya fi son miƙaƙƙe marar rassa don ya samu kara mai kyau ya kuma shuka wani abu a tsakani. Wato irin da aka fi so shi ne mafi ƙin yin fure. Furen mace yana riga na namiji buɗewa da mako ɗaya zuwa biyu, ƙwallo ɗaya kuma ba ya wuce 'ya'ya uku. Shi ya sa IITA take yin yawancin aurenta a Ubiaja ta jihar Edo, inda rogo ya fi yarda ya yi fure. Ba a cika faɗin wannan ba, amma yana cikin manyan dalilan ƙuncin jini: mai haɗa aure yakan koma ga iyayen da suka saba ba shi 'ya'ya, ko da ba su ne ya fi so ba. Shirin NextGen Cassava da aka fara a 2012 tare da jami'ar Cornell ya kawo sauƙi a nan, da jan haske da dare, da datse ƙananan rassa, da kuma hasashen ingancin tsiro daga gadonsa tun yana ƙarami, ta yadda ba sai an jira shekaru ana gwaji kafin a mayar da shi uba ba.

In ka tambaye ni, iri mai karotin 10 ko 12 da gari kashi 35 wanda mata za su saya ya fi mai 20 da za a noma shekara ɗaya a watsar. Bitamin da ba a ci ba bai shiga jikin kowa ba.

Mu masu cin dafaffe

Akwai wani gefen da ya shafe mu musamman. An zaɓi nau'o'in farko ne da garin kwaki da fufu a zuciya, don su ne cimar kudu. A arewa kuwa dafaffen rogo da ƙuli-ƙuli da yaji muke ci, mu yi ƙosan rogo, mu shanya alabo mu zuba a ɗanwake. Dafuwa tana cikin hanyoyin da suka fi barin karotin a cikin rogo, shanya a rana kuwa tana cikin masu cinye shi, don haske da iska da zafi su ne abokan gabansa. Ke nan mai cin dafaffe ne ya kamata ya fi kowa amfana. Amma rogon dafuwa sai ya zama marar ɗaci, kuma ya yi gari-gari in ya nuna, abin da mai ruwa ba ya yi. Waɗannan halaye biyu a irin gargajiya na manoma suka fi yawa, irin waɗanda ake nomawa a fadama da bayan gida ba a ma san lambarsu ba. Irin nan mai suna Poundable da aka fitar a 2020 don masu dafawa da kirɓawa fari ne. Mai launi da zai yi abin da yake yi sai an shigo da jinin waɗancan na gargajiya cikin aikin.

Kada kuma kowa ya ɗauka launi alamar rashin guba ne. Sinadarin da ke sa rogo ɗaci da sa maye gadonsa daban ne da na launi. Irin da ba a tabbatar maka na dafuwa ba ne, a bi da shi ta jiƙo ko gurzawa da matsewa kamar kowane rogo.

Game da lafiya, nan fagen likitoci ne, iyakata in faɗi abin da gwaji ya nuna. An ciyar da 'yan makaranta a Kibwezi ta Kenya da dafaffen rogo mai launi, an kuma ciyar da ƙananan yara a jihar Osun, duka biyun an ga bitamin A na jininsu ya ɗan ƙaru. Ƙari ne matsakaici. Ba ya maye gurbin ɗigon bitamin A da ake ba yara a asibiti, yaron da ke fama da dundumi kuma asibiti za a kai shi.

Abin da ke hannunka

Ka fara da sanin wane iri ne takamaimai kuka raba, da lambarsa, don na 2011 da na 2014 ba ɗaya ba ne, kuma in za ku ƙaro kara ku nema daga masu sayar da irin da hukumar kula da ingancin iri ta ƙasa ta tantance. Ka sa a shuka kowane iri a kunyoyinsa daban da alama. Sannan ku yi gwajin da ba ya bukatar ɗakin bincike: a auna kilo ɗaya-ɗaya na mai launi da na farin da suka saba da shi, daga gona ɗaya, a rana ɗaya, mace ɗaya ta sarrafa, a auna garin da ya fito. Ku yi kafin saukar ruwan farko, ku sake bayansa. Da wannan za ka san nawa ne laifin iri, nawa ne na lokacin tono, kuma za ka san ƙarin farashin da zai sa sana'ar ta biya, tun da mai wannan garin ba ta sayen manja don ta ba shi launi. Garin kuma a zuba shi a abin da ba ya shan iska, a ajiye a inuwa, kada a daɗe ba a ci ba, don karotin yana raguwa a ajiya.

Ka kuma hana manoma watsar da tsofaffin irinsu saboda sabo ya zo. In ka ci karo da na gargajiya mai ɗan launi ko mai daɗin dafuwa, ka rubuta sunan da ake kiransa da ƙauyen da yake, da watannin da yake yi kafin tono, ka sanar da masu binciken rogo na Umudike ko na Ibadan ta hannun hukumar raya aikin gona ta jiharku, su zo su ɗauki kara da ganye.